Tumatirina sai ganye da fure, ko ɗa ɗaya babu

"Salamu alaikum Malam. Ni a Ɗorayi nake, tsakar gidanmu duk siminti ne shi ne na samu buhunan shinkafa guda takwas na cika da ƙasa na shuka tumatir da attaruhu da alayyahu farkon watan Maris. Kullum safe da yamma sai na ba su ruwa, kuma ruwan nan siyan shi nake a wajen 'yan garuwa. Tumatirin ya yi ganye shar har ya yi fure amma sai furen ya bushe ya kaɗe, alayyahun kuwa yana fitowa sai ya kwanta ya mutu. Maƙociyata ta ce wai hannuna ne ba ya karɓar shuka. Don Allah me nake yi ba daidai ba, in ci gaba ne ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan ƙoƙari. In na fahimce ki, ga ƙasa kin zuba ga ruwa har da kuɗinki kina siya, amma tumatir ya tsaya a fure alayyahu kuma ko tashi bai yi ba, shi ne kika fara tunanin ko dai maganar maƙociyar taki gaskiya ce. To ki bar hannunki ya huta, ba ruwansa. Na yi shekaru ina aikin malamin gona cikin masu noman rani, yanzu da na ajiye aiki ɗan lambun tsakar gidana ne ya zama abin yi na, kuma ina tabbatar miki tumatirin da aka shuka a Kano a watan Maris, ko sarkin noma ne ya shuka shi, kusan abin da kika gani shi zai gani.

Lokacin ne bai yi ba

Ki tuna da kasuwar 'Yankaba. Yaushe tumatir yake arha har ki ga ana yankawa ana shanyawa saboda ya yi yawa? Daga Janairu zuwa wajen Maris. Yaushe kwando yake tashi har mata su koma kauɗa da na leda? Daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina. Mutanen Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, waɗanda suke noma da ruwan dam ɗin Tiga da aka gina tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yana wucewa ta bakin gonarsu a kanal, amma duk da haka in zafi ya shigo tumatirinsu ja da baya yake, kin ga kenan ba maganar ƙarancin ruwa ba ce.

Abin da ke faruwa a cikin furen nan shi ne, furen tumatir shi kaɗai yake yi wa kansa barbara, akwai wani ɗan gari rawaya a cikinsa da dole ya zubo a kan bakin macen furen kafin ɗa ya ƙullu. Da zarar zafin rana ya haura digiri 35, dare ma kuma bai yi sanyin da shuka za ta huta ba, garin nan lalacewa yake, sai furen ya zauna kwana biyu uku yana jira ba abin da ya faru, daga nan uwar ta sake shi. Ki je ki duba da kyau, a ɗan sillen da ke riƙe da furen akwai wata 'yar gaɓa kamar gwiwa, za ki ga ta yi rawaya, kina taɓawa furen zai faɗo a hannunki daga daidai wajen. Afrilun Kano kuwa kin sani, 40 ba baƙo ba ne, balle kuma ke a kan siminti kika jera su, simintin da ƙarfe biyun rana ko yaro ba ya iya takawa ba takalmi, ga katanga tana dawo musu da zafi har bayan isha'i. Saiwar tana cikin buhu ne kamar an ɗora ta a kasko.

Akwai abu na biyu da nake zargi saboda kin ce ganyen ya yi shar. In kin zuba yuriya ko kashin kaji da yawa, shukar sai ta ji daɗi ta yi ta ganye tana tsawo ta manta da haihuwa. Yuriya abincin ganye ce, tana da kyau ga alayyahu da salak, amma tumatirin da ya fara fure kamfa ya fi buƙata, wato 15-15-15 ɗin nan, shi ma ɗan kaɗan, cikin murfin robar ruwa ɗaya a kowane buhu, a binne shi nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu a bi da ruwa.

Shi alayyahu labarinsa daban

Alayyahu ba ya tsoron zafi, son shi ma yake, don haka mutuwarsa ba ta lokaci ba ce. Nan sai kin zama 'yar bincike. In kika tsuguna kika duba jaririn tsiron kika ga daidai inda ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya zama kamar zare ya yi baƙi-baƙi sannan ya kife, to ruwa ne ya yi masa yawa, irin ya yi cunkoso, ƙila kuma buhun ba a huda shi ba, sai ruɓa ta kama shi daga gindi. In kuwa sillen yana tsaye amma ba kai, wannan aikin ƙadangare ne. Ni ma ya taɓa yi min, wata shekara na yi renon tumatir a tsohon baho ya fito gwanin sha'awa, na tafi masallacin Juma'a na dawo na tarar da wani jan gwada a kan bakin bahon yana min gyaɗa kai, ya aske fiye da rabi. Tun daga ranar ba na reno sai na rufe da tsohon gidan sauro, kuma shi yake kare min shi daga kaji ma.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa mutane suke zuba shi da yawa ba su sani ba. Ki ɗebi ɗan kaɗan da yatsu uku ki cuɗa da busasshen yashi cikin tafin hannu sannan ki barbaɗa, kada ki binne, ki ɗan yayyafa ƙasa mai laushi a kai kawai. Kuma kada ki kwara masa ruwa da bokiti ko kofi, yana tone irin ya tara shi a gefe guda. Ki samu robar ruwa ki huda murfin da allura mai zafi wuri shida bakwai, ta zama butar ban ruwanki.

Maganar ban ruwa

Nan ne na fi son ki tsaya da ni, tunda kuɗi kike kashewa. Mafi yawan masu lambun gida agogo suke bi, safe da yamma kamar shan magani, alhali ƙasar ya kamata a tambaya. Ki tura ɗan yatsanki manuni cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi da sanyi, ki bar ta ko da saman ya bushe. In kin ji ta a bushe har can, to ki ba ta ruwa sosai, a hankali, har sai kin ga ya fara ɗigowa ta ƙasan buhun. Yayyafin sama-sama sau biyu a rana yana sa saiwa ta zauna a sama tana jiran ki, nan ne kuma rana ta fi dukan ƙasa, amma in ruwa yana sauka can ƙasa saiwar bin shi take ta yi zurfi inda ya fi sanyi. A wannan zafin ƙila yatsan naki ya ce miki kullum, wani lokaci ma har sau biyu ga buhun da shukarsa ta girma, amma cikin hunturu ni nakan yi kwana biyu ban ba wasu ba, a watan Agusta kuwa ba ban ruwa ake ba, neman hanyar fitar da shi ake.

Da sassafe ya fi, bayan asuba kafin rana ta ɗaga, kuma a gindi ba a kan ganye ba, don ganyen tumatir in yana kwana a jiƙe cuta yake jawowa. Sannan kada yaushin tsakar rana ya ruɗe ki. Za ki fito da azahar ki ga ganye ya langwaɓe tausayi ya kama ki ki ɗauko buta, alhali shukar kare kanta take daga rana. Ki jira la'asar sakaliya, in ta miƙe to lafiyarta lau. In har gari ya waye tana a langwaɓe kuma ƙasar a jiƙe, wannan ba ƙishi ba ne, saiwa ce ta samu matsala, ƙara ruwa ƙarasa ta zai yi.

Abin da zai rage miki siyan jarka fiye da komai shi ne rufe fuskar ƙasar. Busasshiyar ciyawa, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganyen darbejiya da ake sharewa ana zubarwa, ki shimfiɗa kaurin yatsu biyu zuwa uku amma kada ya manne da gindin shukar. Ki gwada a buhu ɗaya ki bar ɗaya a buɗe, da yamma ki tura yatsa a kowanne, ba sai na ƙara miki bayani ba. Sai ki ɗaga buhunan daga kan simintin, ko a kan katako ko bulo biyu, ki huda ƙasansu da gefe-gefen ƙasa wuri kamar goma, ki jera su kusa da juna su yi wa juna inuwa, a ɓangaren da yake samun ranar safe zuwa azahar ya tsira daga ta yamma. In babu irin wannan wajen, zana ko tsohuwar asabari a sama daga sha biyu zuwa huɗu ta isa.

Kuma ba duk ruwan ba ne sai an siya. Ruwan alwala in aka tara a baho, ruwan wankin shinkafa da na wanke kayan miya, duk ni da su nake ban ruwa, a gidana akwai bokiti guda da kowa ya san na lambu ne. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, balle ruwan kwata, musamman ga abin da za a ci ɗanye irin salak da lansir. Wani abu kuma, ruwan wasu rijiyoyin cikin gari yana da zartsi, in kika ga wani fari-fari yana taruwa a saman ƙasa ko a jikin buhun kuma bakin ganye yana ƙonewa, to gishiri ne yake taruwa. Maganinsa duk bayan mako biyu ki yi wa buhun ambaliya sau ɗaya, ruwa ya ratsa ya fita da yawa ta ƙasa ya tafi da shi.

To yanzu ya za ki yi da waɗanda ke tsaye

Attaruhun kada ki taɓa shi. Shi mai haƙuri ne kuma yana daɗewa, yanzu shi ma zai yi ta zubar da fure amma ki yi masa inuwa ki riƙe shi da rai, ana fara ruwa a watan Yuni gari ya yi sanyi za ki ga ya ɗauka, kuma zai iya kai ki har hunturu yana ba ki. Tumatirin ne ake shawara. Za ki iya barin shi ki yi masa rumfa, kullum da hantsi ki ɗan girgiza sandar da kika ɗaure shi don garin furen ya zubo, ƙila ki tsinci 'yan ƙwaya. Sai dai kafin gari ya huce shukar ta tsufa ta gaji, damina kuma tana zuwa da nata cututtukan ganye. Da ni ne, zan bar biyu mafi lafiya don gwaji da kwantar da rai, in tuge sauran in sa abin da zai ba ni miya, ruwan da kike siya bai kamata ya tafi a kallon ganye ba.

Abin da lokacin nan yake so shi ne kuɓewa da alayyahu da yakuwa da rama da lalo. Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana, ki sa uku a buhu in sun fito ki bar biyu, cikin wata biyu ko ƙasa da haka kin fara tsinka. In akwai ɗan lungun da ba siminti ki sa zogale, ko da reshe ne kika kafa zai kama. Na'ana'a kuwa ba a wahalar neman iri, cikin wadda kika siyo ta shayi ki zaɓi masu ƙwari ki cire ganyen ƙasa ki tsoma a kofin ruwa, kwana kaɗan za ki ga farar saiwa, sai ki dasa ta a robarta ita kaɗai a wajen da ke da inuwa-inuwa don tana da mamaya, in kika haɗa ta da wani sai ta cinye wajen. Ɗaɗɗoya ma haka ake mata. Gindin albasar da kike yankewa ki zubar, ki dasa shi ki samu lawashi.

Tumatir da tattasai da salak da kabeji da karas ki ajiye su sai damina ta ja baya. Ni ina zuba renon tumatir ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, bayan mako uku zuwa huɗu in ya yi ganye huɗu biyar in dasa da yamma, ɗaya tak a kowane buhu, sai furensa ya fito cikin sanyin Disamba, Janairu ana ci. Tattasai ya fi jinkiri a reno, yakan kai mako shida. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi. Ki sayi iri na cikin leda ko gwangwani a wajen masu kayan gona ki duba kwanan wata, Roma ko wanda 'yan kasuwa suke kira UTC duk suna yi. Na taɓa siyan iri a wajen wani mai tebur da ya shanya ledojin a rana, ko ɗaya bai fito ba na yi asarar mako biyu ina jira, shi ya sa yanzu nake ƙirga ƙwaya 10 in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako in buɗe, in bakwai ko takwas sun tsiro to irin na da rai.

Kafin nan ki gyara ƙasar. Ba ki faɗa min daga ina kika ɗebo ta ba, amma in jar ƙasar gini ce to a buhu dunƙulewa take kamar bulo. Nawa haɗin shi ne kwano biyu na ƙasa mai kyau, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi ko buntu. Takin kuma dole ya ruɓe, kashin awaki ko na ragon layya ki tara a lungu ki riƙa yayyafa masa ruwa kina juyawa kamar wata biyu, in kika tura hannu ba zafi kuma warinsa ya koma ƙanshin ƙasa ya yi. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake.

Ƙwari

Wanda kowa ke tsoro a tumatir shi ne sharon, tsutsar nan da ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarna a 2016 har tumatir ya gagari talaka, asalinta daga Kudancin Amurka take. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci cikin, sai ki ga wani tabo fari kamar takarda, in kika ɗaga ganyen a rana za ki hango ta a ciki. A gona bala'i ce amma ke mai buhu takwas kin fi manomi sa'a, ki riƙa zagayawa kullum da safe, duk ganyen da kika ga tabon ki tsinke ki murƙushe ko ki jefa a murhu, kada ki yar a gindi. Ga darɓa da farin ƙuda masu maƙalewa a bayan ganye, ni 'ya'yan darbejiya nake dakawa, gwangwanin madara ɗaya a ruwa lita 2 ya kwana, in tace in sa ɗan sabulun wanka kaɗan, in fesa da yamma ina bin bayan ganyen, duk mako. Don Allah kada wani ya ce ki fesa fiya-fiya ko maganin sauro, abin da yaranki za su ci ne.

Girbi

Alayyahu mako uku zuwa huɗu ya isa yanka, kuma kada ki tuge. Ki yanka da wuƙa ki bar tsawon tafin hannu da 'yan ganye a ƙasa, ki ɗan ƙara taki, bayan kamar mako biyu ya sake tohowa da rassa, za ki yi yanka uku ko huɗu kafin ya fitar da kai, in ya fitar ki bar guda ya bushe ki samu iri. Kuɓewa ita ba ta jira, duk bayan kwana biyu ki zaga, ki lanƙwasa bakinta in ya karye ƙas to ta miya ce, in ya lanƙwashe ta wuce, kuma in kika bar tsofaffi a jiki uwar rage haihuwa take don a ganinta ta gama aiki. Ki sa doguwar riga, ƙaiƙayinta ba wasa. Na'ana'a da ɗaɗɗoya ki riƙa tsinkar kan, ba ganyen ƙasa ba, haka suke yin rassa su cika roba. Zogale in ya kai ƙirjinki ki sare kan, in ba haka ba zai tafi sama ya bar ki da neman sanda. Duk kayan ganye da safe ake ɗiba kafin rana ta taɓa su. Tumatir kuma ba sai ya yi jawur a jiki ba, yana fara sauya launi ki cire ki ajiye a inuwa ya ƙarasa, kin riga tsuntsu da ɓera.

Duk wannan daga bayaninki na gina shi Hajiya, gani kuma ya kori ji, ban ga shukar ba ban taɓa ƙasar ba. Don haka ranar da za ki tuge tumatirin kada ki yar nan take, ki kakkaɓe ƙasar ki wanke saiwar ki duba. In fara ce mai gashi-gashi da yawa to zafin ne kawai, ki ƙara taki ki shuka kuɓewarki a buhun. In ta yi baƙi tana wari ruwa ne yake kwanciya, ki ƙara huji da yashi. In kuwa kika ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar an jera carbi, akwai wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani a ciki, kuma tana kama kuɓewa ma, sai ki juye ƙasar wannan buhun ki baza ta siriri a kan simintin nan naki mai zafi ta sha rana mako biyu kina juyawa, ki sa saiwar a leda a kai wa malaman gona na KNARDA, wato hukumar aikin gona ta jihar Kano, su duba miki ita da idonsu.